A Sa Wa Ofis Rana

(Jawabin da ɗaya daga cikin masu shirya tarurrukan jam'iyyarmu ya yi wa taron manoma da 'yan fansho da mata a bakin kasuwa. An buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su sami halarta ba.)



Ina gaida iyayenmu dattawan gari da malamai da masu unguwanni, waɗanda suka baro inuwa suka zo suka zauna mana cikin wannan rana. Allah ya ƙara girma. Ina gaida iyayenmu mata da ke can gindin darbejiya. In muryata ba ta isa gare ku ba, ku aiko yaro ya taɓa ni in ƙara ɗagawa. Ku kuma samari 'yan'uwana, a ɗan ajiye ganga tukuna, in na sauka filin naku ne.

Ni ɗanku ne, ban cika shekara 30 ba, kuma sana'ar da na iya ita ce ta alli da allo. Saboda haka in kun ji ina magana kamar mai koyar da lissafi a aji huɗu, ku yi mini uzuri, hali zanen dutse. Waɗanda za su hau bayana za su yi muku maganar hanya da rijiya da takin zamani. Ni tambaya ɗaya aka ba ni in kawo gabanku, ga ta: idan talaka ya kai takardarsa ofishin gwamnati yana neman haƙƙinsa, kwana nawa ya kamata ya jira kafin a ce masa i, ko a ce masa a'a?

Ku duba cikin taron nan. Akwai tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki yana jiran fansho da garatuti. Akwai tsohon masinja da leburan hanya da ungozomar asibiti. Akwai matar da mijinta ya rasu yana cikin aiki, ta tara takardu ta kai, tana jiran abin da za ta riƙe marayu da shi. Akwai manomin da hanya ta bi ta tsakiyar gonarsa, aka zo aka ƙirga itatuwansa aka rubuta, aka tafi. Akwai wanda ruwa ya cinye masa gida da rumbu, aka ɗauki sunansa har da hoto. Akwai kuma waɗanda aka rubuta cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, aka ce tallafi yana tafe. Buƙatunsu sun bambanta, amma amsar da suke samu a bakin taga iri ɗaya ce, kuma kun fi ni haddace ta. "Dawo gobe." "Maigidan ya tafi taro." "Fayil ɗinka yana sama." "Ana kan tantancewa." Ku lura da kyau, cikin waɗannan maganganu duka babu wadda za ka iya ɗora yatsa a kanta a jikin kalanda. Goben ofis ba ta da kwanan wata.

Alhali kuwa mu ba mu saba da haka ba a zamanmu. In aka kai kuɗin aure, abin da ke biye shi ne sa rana, kuma kowa ya san rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. In ka ci bashin hatsi da damina, kai da mai shi kun san da kaka zai zo. Adashi yana da ranar zubi da ranar kwasa. Kasuwar nan da muke tsaye a bakinta tana da ranar cinta, ba a taɓa ce wa mai kaya ya koma sai Sarkin Kasuwa ya dawo daga taro ba. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, ta fita. To, mata nawa kuka sani waɗanda suka fita takaba, suka yaye goyo, yaron ya shiga firamare, fayil ɗin uban yana nan bai gama tafiya daga wannan tebur zuwa wancan ba?

Kada kuwa wani ya ce muku gwamnati ba ta iya ƙirga kwana ba. Ta iya sarai, in ita ke bin ka. Dattawan da ke nan sun ga zamanin haraji da jangali, sun san abin da ke samun magidancin da lokaci ya cika bai biya ba: wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya yi ƙaura cikin dare. Yau ma in aka ce 'yan fansho su zo tantancewa daga Litinin zuwa Juma'a, tsohon da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa sai ran Asabar, sunansa ya fita daga takardar biya. Rajistar zaɓe tana da ranar rufewa. Kuɗin jarrabawar ɗanka yana da ranar rufewa. Duk inda talaka zai kai wa hukuma wani abu, an sa masa rana. Inda hukuma za ta ba talaka amsa, nan ne kalanda ke ɓata.

Bari in gaya muku kaɗan daga abin da ke cikin dokokin ƙasar nan, domin ku san ba sabon abu muka ƙago ba. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 294, ya ce in alƙali ya gama sauraron shaidu da jawaban lauyoyi, kada ya wuce kwana 90 bai ba da hukunci a rubuce ba. Tsarin Mulkin 1979 ma wata 3 ya ba shi. Sashe na 35 ya ce in ɗan sanda ya kama mutum, kuma akwai kotu a cikin kilomita 40, to ya kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya. Gwamna kansa, in Majalisar Dokoki ta aika masa da doka, kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ce ya ƙi. Ban ce kullum ana cika waɗannan ba, kun sani na sani. Amma a rubuce suke, wanda aka saɓa wa yana da abin da zai riƙe ya nuna.

Ga wanda ya fi tsaya mini a rai. Da can shari'ar zaɓe ba ta da wa'adi. A Jihar Anambra an yi zaɓen gwamna a shekarar 2003, ba a gama shari'ar ba sai watan Maris na 2006, wanda kotu ta ce shi ya ci ya yi kusan shekara uku yana kallon kujerarsa daga waje. Da abin ya ishi 'yan siyasa, sai suka gyara Tsarin Mulki a 2010. Yanzu sashe na 285 ya ce mai ƙara ya shigar da ita cikin kwana 21, kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, in an ɗaukaka ƙara a gama cikin kwana 60. Madalla, gyara ya yi kyau. Watau mai neman kujerar gwamna ya san cikin wata shida za a gaya masa tasa ce ko ba tasa ba ce. To, tsohon da ya yi shekara 35 yana share ofishin da kujerar take ciki fa? Shi wane ne ya ƙirga masa?

Na duba abin da Tsarin Mulkin ya tanadar masa. Sashe na 210 ya ce ba za a riƙe wa ma'aikacin jiha fanshonsa ko garatutinsa ba, ba za a rage masa ba sai yadda doka ta yarda, kuma a riƙa sake duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka gyara albashi. Magana mai kyau, sai dai babu adadin kwana ko ɗaya a cikinta. Manomin da aka karɓi gonarsa kuma, sashe na 44 ya ce a biya shi diyya da gaggawa. Jama'a, gaggawa kwana nawa ce? Gaggawar mai ciwon ciki daban, gaggawar wanda ya ƙoshi yana ƙarƙashin fanka daban.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tambayi mutanen Bakolori, can wajen Talata Mafara a Jihar Zamfara ta yanzu. An gama gina madatsar ruwan a 1978. Ruwa ya ci gonaki da garuruwa, wasu gonakin kuma aka karɓe su don a baje su a yi hanyoyin ruwa. Manoma suka yi ta kukan diyya, da kukan gonakin da aka ce za a mayar musu, damina tana zuwa tana wucewa. Da jiran ya ishe su sai suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. Ban ce takarda mai kwanan wata ita kaɗai za ta hana abin da ya faru ba. Amma mutumin da aka ce masa ran kaza ga watan kaza za ka ji amsa, kuma ranar ta zo ya ji, da wuya ka gan shi ya ɗauko gungume ya tare hanya.

Yanzu bari mu yi lissafin da na yi muku alkawari. A ce kuɗin mota daga nan zuwa hedikwata da dawowa naira 4,000 ne. A ce abinci da hoto da kwafin takarda sun ci 1,000. Tafiya ɗaya ke nan naira 5,000. In mutum yana zuwa sau biyu a wata, 10,000 ke nan. A shekara 120,000. Ban sa kwana 24 da ya bar aikinsa ba, kuma kun san rana ɗaya cikin noman farko ba a sayenta da kuɗi. Sa'an nan kuɗin da yake bi ɗin ma ba zaune suke suna jiransa ba, narkewa suke yi. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Wanda garatutinsa ya cika a farkon 2023, aka biya shi bayan shekara biyu, a takarda ba a rage masa ko kwabo ba. Ya shiga kasuwa da su ya gani in gaskiya ne.

Akwai wani dattijo da ya yi mana gadi a makarantar da na koyar, ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan ofishin ba. Da ya ajiye aiki ni nake cika masa fom. Zuwan farko aka ce ya kawo takardar ɗaukarsa aiki ta farko. Gara ta ci rabinta, amma lambar tana nan, aka karɓa. Zuwa na biyu aka ce sai takardar rantsuwar shekarun haihuwa. Ya je kotu ya yi. Zuwa na uku aka ce hotunan da ya kawo sun tsufa, ya sake wasu. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce baba, ga abubuwa biyar da ake so, kawo su gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake faɗa masa, kowanne da kuɗin motarsa. Cikin haka ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, kun kuwa san halin manomin da ya rage da sa ɗaya da garma.

Ku sani jinkirin nan ba duka ne sakaci ba. Akwai wanda jinkiri ne gonarsa. Inda babu rana, fayil ba ya tafiya sai an tura shi, kuma turawar ba kyauta ba ce. Nan ne ake samun mai cewa kawo na goro in hau da shi sama. Nan ne ake samun wanda zai zo har gida ya ce wa gwauruwa, ni zan fitar miki da kuɗin mijinki amma kashi kaza nawa ne, ita kuwa yunwa ta sa ta yarda. In ranar amsa tana rubuce a hannun mai nema, me zai saya wurin ɗan kamasho? Ban ce duk akawu haka yake ba. Da yawansu mutanen kirki ne, wasu ɗalibai ne na malaman da ke zaune a nan, kuma su ma in sun tsufa wannan bencin za su zauna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muke nema an riga an yi wa wasu a ƙasar nan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ce in ka rubuta wa ofishin gwamnati kana neman wani bayani, ya ba ka amsa cikin kwana 7, in ya ƙi ya faɗi dalili a rubuce. Dokar fansho ta 2014 ta ce in mai aiki ya cire kason fansho daga albashin ma'aikaci, ya kai shi asusun ma'aikacin cikin kwanakin aiki 7, in ya makara akwai tara. A watan Mayu na 2017 muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan wani umarni cewa kowace ma'aikatar Tarayya ta liƙa abin da take buƙata, da kuɗin da za a biya, da kwanakin da za ta ɗauka kafin ta ba da lasin ko izini; in kwanakin suka cika ba ta ce komai ba, a ɗauka ta yarda. A 2023 aka mai da wannan ya zama doka. An yi haka ne don kada 'yan kasuwa da masu kamfani su ɓata lokaci. Ba mu yi musu hassada ba, Allah ya ƙara musu. Muna cewa dai in lokacin attajiri yana da daraja, lokacin gwauruwa mai 'ya'ya biyar ba ruwan kwata ba ne.

A waje ma haka ake. A Amurka, wanda ya nemi tallafin abinci na gwamnati, doka ta ba ofis kwana 30 ya yanke masa. In kuwa mutumin ba shi da komai a hannu, kwana 7. Tallafin magani na marasa ƙarfi kwana 45, in sai an duba naƙasa kwana 90. Su ma ofisoshinsu sukan makara, an kuma sha kai su ƙara kotu a kan haka, domin akwai ranar da za a nuna wa alƙali. In kun ce Amurka ta yi mana nisa da arziki, to ga Indiya, ƙasar manoma irinmu. A 2005 suka yi dokar ba mutanen karkara aikin kwana 100 a shekara, suka rubuta a ciki cewa wanda ya nemi aiki ba a ba shi cikin kwana 15 ba, gwamnati ta biya shi kuɗin zama. A 2010 wata jiha tasu mai suna Madhya Pradesh ta yi dokar da ta sa wa ayyukan ofis rana, ta ce jami'in da ya makara ba dalili a ci shi tarar rupi 250 kowace rana har zuwa 5,000. Ku ji da kyau, jami'in aka ce a ci tara, ba baitulmali ba.

To, ga abin da jam'iyyarmu za ta kai gaban Majalisar Dokokin Jiha in kun ba mu ƙuri'unku. Ku riƙe shi, domin ku tuhume mu da shi gobe.

Farkon abu rasit. Duk wanda ya miƙa takarda, ko ta fansho ce ko ta haƙƙin mamaci ko ta diyya ko ta tallafi, kada ya bar bakin taga sai da 'yar takarda a hannunsa mai hatimi, mai sunan wanda ya karɓa, da kwanan watan da aka karɓa, da kwanan watan da zai ji amsa. Wannan 'yar takarda ita ce gindin maganar duka. Fayil yana iya ɓata a kabad, amma abin da ke aljihun tsoho cikin leda, tare da katin zaɓensa, ba ya ɓata. Daga ranar rasit ofis yana da kwana 14 ya faɗi duk abin da ya rage, a rubuce, sau ɗaya tak. In ya manta da wani abu, shi ya manta. Ba za a koma a fara ƙirga daga ɗaya ba don an tuna da hoto.

Kwanakin amsa kuwa za su bi nauyin buƙata. Wanda ruwa ko gobara ta raba da gidansa, kwana 14. Mai neman tallafi, kwana 30. Magada, kwana 60, watau kafin uwar marayu ta fita takaba ta riga ta san matsayinta. Manomi kuma kada katafila ta shiga gonarsa sai an ba shi takarda mai adadin diyya da ranar biya. Ɗan fansho shi ne ma bai kamata ya jira ko kwana ɗaya ba, kuma a nan zan ɗan tsaya. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Malaman makaranta dokar Tarayya ta 2022 ta kai su 65 ko 40. Ashe ke nan tun ranar da aka ɗauki mutum aiki aka san ranar da zai bari. Haihuwa ma da ake sa ranta wata tara, ana tanadin itace da ragon suna. Yaya za a yi ofis ya yi shekara 35 yana ganin rana tana tafe, in ta zo ya ce ta zo masa ba shiri? Mu mun ce a gama lissafin mutum tun yana kan aiki, watan da albashi ya tsaya, wata mai bi masa fansho ya shiga.

In amsar a'a ce, a rubuta dalili da Hausar da mutum zai gane, a gaya masa inda zai kai kuka cikin kwana 30, kuma masu jin kukan kada su zama su ne waɗanda suka hana shi. In ranar ta cika ofis ya yi shiru, fayil ya wuce gaban na sama da kansa, shugaban sashen da ya riƙe shi ba dalili a cire tara daga albashinsa kowace rana, a ba mai jira. Duk wata uku kuma Kwamishina ya shiga gidan rediyon jiha ya karanta da bakinsa: takardu kaza suka shigo, kaza aka yanke, kaza suka wuce rana, kuma a wane ofis.

Na san abin da za a ce. Za a ce ina kuɗin? Jama'a, mu raba abu biyu da ake cuɗawa da gangan. Yanke wa mutum magana daban, biyansa daban. Ce wa tsoho ka cancanta, kuɗinka naira kaza ne, ba ya cin komai sai biro da takarda. In baitulmali ba zai iya biyan kowa rana ɗaya ba, to a ba kowa lambar layi bisa ranar da ya ajiye aiki, a liƙa jerin a sakatariya da ƙofar hakimi, a bi shi daga sama zuwa ƙasa yadda mata ke jera bokiti a bakin famfo. Abin da ke ƙona ran mutane shi ne su ga wanda ya bari bara an biya shi don yana da ɗan'uwa a sama, wanda ya bari shekara shida yana nan zaune.

Za a ce in aka matsa wa akawu da rana, sai ya riƙa rubuta a'a don ya huta. Zai yiwu wani ya gwada. Amma a'a mai dalili a rubuce abu ce da za ka ɗauka ka kai gaba, a duba a ga ƙarya ce ko gaskiya. Shiru fa, wa za ka kai wa shi? Shi ya sa waccan doka ta 2011 ta ce in kwanakin suka cika ofis bai amsa ba, a ɗauka ya ƙi, domin mai nema ya sami hanyar zuwa kotu. Akawun da kullum ake rushe a'arsa a sama kuwa, ba sai an gaya wa kowa halinsa ba.

Za a kuma ce sauri zai buɗe ƙofa ga 'yan fanshon bogi. Wannan ita ce ta fi ba ni dariya. Wane tsoho ne a ƙauyen nan yake da alƙalamin da zai sa sunan fatalwa a takardar biya? Masu alƙalami ke sawa. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 a kan kuɗin fansho, shi kuwa shi ne aka naɗa ya shugabanci gyaran harkar fanshon. Ba a bakin taga ɓarnar take ba. Yau ga lambar ɗan ƙasa, ga lambar banki, ga hoton yatsa, mutum kuma ga shi tsaye da ransa, mai unguwarsa ya san shi, limaminsa ya san shi. Wanda bai iya gane shi cikin wata biyu ba, ko an ba shi shekara biyu ba ganewa zai yi ba.

Saura in ja hankalinku a kan wani abu da akan manta ran zaɓe. Kowa idonsa yana kan Shugaban Ƙasa da Gwamna, ƙuri'ar ɗan Majalisar Jiha kuwa sai a dangwala ta yadda ta zo. Alhali fanshon ma'aikatan jiha da na malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi dokar jiha ce ke tafiyar da shi, kuma wannan doka da nake faɗa a Majalisar Jiha za a yi ta. Ko Gwamna ya ƙi sa hannu, in kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suka sake amincewa, ta zama doka. Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo muku, namu ne ko na wasu, in ya ce zai share hawayen 'yan fansho, ku gode masa, sa'an nan ku ce ranka ya daɗe, kwana nawa? In ya ce nan ba da daɗewa ba, ku ce wannan mun ji ta a bakin taga. Ya faɗi adadi, a gaban mai unguwa, a sami yaro ɗan makaranta ya rubuta. Namu 'yan takarar adadinsu yana cikin wannan ɗan littafi da ake karanta muku, ku adana shi.

Kafin ranar kuma akwai aikin da za mu fara. Duk mai takarda a wani ofis, namiji ko mace, ya zo ofishin jam'iyya na gunduma ran kasuwa bayan azahar, da duk abin da ke hannunsa. Za mu rubuta ranar da ya fara kai ta da sau nawa ya koma. Ba ma karɓar ko kwabo, ba ma riƙe takardar kowa, ba kuma za mu tambayi mutum wa zai zaɓa ba. Iyayenmu mata da ba sa fita, akwai 'yan'uwanmu mata da za su bi gida gida. Wannan lissafi shi za mu ɗora a kan teburin majalisa ranar da aka fara zama.

 Allah ya kai mu ranar zaɓe lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Samari, ga filinku.